A ba 'yan sa-kai kujera a inda ake tsara ƙa'idojin kashe gobara

Kwanakin baya an yi wani zama a harabar wata makaranta a unguwarmu, a nan Kumasi. An tara samarin da suka ba da sunayensu domin aikin sa-kai na kashe gobara, aka karanta musu takardar ƙa'idojin kare lafiyar mai kashe wuta da Turanci, wani yana mayar da ita Hausa. Takardar ta ce kada kowa ya tunkari wuta sai yana sanye da hular kwano, da rigar da wuta ba ta ci, da takalmi mai kauri, da safar hannu.

Wani makaniki da ke zaune a baya, hannunsa duk baƙin mai, ya miƙe ya ce: "Ranka ya daɗe, mu da ba mu mallaki ko ɗaya daga cikin kayan nan ba, idan wuta ta tashi a gidan maƙwabci cikin dare, tsayawa za mu yi muna kallo ko yaya?" Mai jawabin ya juya takardar gaba da baya, sannan ya ce: "Ɗan'uwa, ba ni na rubuta ba. Haka ta zo daga sama."

Ban ga laifin mai jawabin ba, domin gaskiya ya faɗa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne a ce an zauna an rubuta ƙa'idar da za ta kare ran mutum, amma tambayar farko da mutumin ya yi ba ta da amsa a cikinta, alamar cewa babu irinsa a ɗakin da aka rubuta ta.

Matsayina a fili yake. Duk kwamitin da zai tsara ƙa'idojin kare lafiyar masu kashe gobara, a gunduma ne ko a matakin ƙasa, dole ne 'yan sa-kai su sami kujera a cikinsa, kujera mai ƙuri'a, kuma su ne za su zaɓi wanda zai zauna a kanta. Gayyatar su ranar ƙaddamarwa domin a ɗauki hoto da su cikin sababbin riguna ba wakilci ba ne.

Su wane ne 'yan sa-kan?

Dattawanmu ba su manta da 1983 ba, shekarar fari da yunwa, lokacin da wutar daji ta cinye gonakin koko da na abinci a sassa da yawa na Ghana, ga kuma 'yan ƙasa kusan miliyan guda da aka koro daga Najeriya sun dawo suna neman abin da za su ci. Darasin wannan shekarar ne ya haifar da dokokin wutar daji, har zuwa dokar 1990 mai lamba PNDCL 229, wadda ta tanadi kafa rundunonin 'yan sa-kai na kashe wuta a garuruwa da yankuna. Dokar hukumar kashe gobara ta ƙasa ta 1997, wato Doka ta 537, ta sanya horar da waɗannan rundunoni cikin ayyukan hukumar. Ke nan ɗan sa-kai ba ɗan shisshigi ba ne. Doka ce ta kira shi.

Wanda ya saba bin hanyar Ejura, Atebubu ko Kintampo lokacin hunturu domin sarin masara da doya ya san su. Manoma ne riƙe da adda da ɗanyen reshe, suna share shinge a kewayen gona kafin ciyawa ta bushe, suna bugun wuta idan mafarauta ko masu ƙona gawayi suka sake ta. A birni kuma akwai wasu da babu sunansu a kowace takarda: masu gadin kasuwa, 'yan dako, direbobin aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, samarin zango da ke fitowa da bokiti da jarkoki masu ruwan ɗorawa da zarar an yi kururuwa. A gobarar kasuwar Kejetia ta nan Kumasi a Maris 2023, da ta kasuwar Kantamanto a Accra a farkon Janairu 2025, da ta kasuwar Adum a nan Kumasi ranar Juma'a 21 ga Maris 2025 ana cikin azumi, kowa ya ga yadda jama'ar gari suka cika wurin suna janye kaya, suna miƙa ruwa. Haka abin yake kullum: kafin motar 'yan kwana-kwana ta ratsa cunkoso ta iso, akwai mintunan da babu kowa a bakin wuta sai waɗannan.

Ƙa'idar da ta yi shiru a kan waɗannan mintuna ta yi shiru a kan lokacin da mutum marar kayan kariya ya fi kusa da wuta.

"Ai ba ƙwararru ba ne"

Wannan ita ce hujjar da ake fara jefowa, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Ma'aikacin da ya yi horo a makarantar hukumar da ke James Town ya san abin da makaniki bai sani ba: yadda hayaƙi ke taruwa a saman ɗaki har ya kama da kansa, yadda rufi ke nuna alamar ruftawa, da adadin mintunan da tukunyar iskar numfashi ke ɗauka kafin ta ƙare. Babu mai hankalin da zai ce a kori injiniya da likita da babban jami'i daga teburin.

Sai dai ƙa'idar tsaro tana da ɓangare biyu. Akwai sanin halin wuta, akwai kuma sanin wurin da za a yi aiki da ƙa'idar da mutanen da za su bi ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan sa-kan zango ya san cewa gidajenmu na haya galibi ƙofar fita ɗaya gare su, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, kowane ɗaki da tukunyar gas ɗinsa a bayan ƙofa. Ya san lungun da mota ba za ta shiga ba saboda kwantena da rumfunan katako, ya san inda wayoyin lantarki suka harɗe a kan kwano, ya san ɗakin da tsohuwa take wadda ba ta iya tashi da kanta. Manomin Ejura ya san lokacin da iska ke juyawa da rana, ya san wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu, ya kuma san abin da takalmin roba ke yi wa ƙafa idan aka taka garwashin da toka ta rufe.

Ga ƙaramin misali. Yawancin samarinmu rigar ƙwallo suke kwana da ita, kuma da ita suke rugawa bakin wuta. Irin wannan yadin na roba narkewa yake yi ya manne a fata, ya bar ƙuna mai zurfi, alhali rigar auduga mai kauri ba ta yin haka. Layi ɗaya a cikin ƙa'ida, cewa a tuɓe rigar roba a sa ta auduga kafin a matsa kusa, zai rage rauni fiye da shafi guda na bayanin rigar da babu mai ita a unguwar. Ƙwararre ya san halin yadin sarai. Abin da bai sani ba shi ne da wace riga ake fitowa a unguwar Aboabo da tsakar dare, kuma ba zai sani ba sai wani ya gaya masa.

"Wuta ba ta tambayar wa ke karɓar albashi"

Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi, kuma a kanta nake son in tsaya. Masu ita suna cewa zafin da zai kashe ma'aikaci shi ne zai kashe ɗan sa-kai, saboda haka ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, kuma idan aka ba 'yan sa-kai ƙuri'a za su yi amfani da ita ne su sassauta duk abin da ya yi musu tsada ko wahala.

An yi wannan muhawara a Amurka a 2024. A can kusan kashi 65 cikin 100 na masu kashe gobara 'yan sa-kai ne, kuma tun 1976 suke da majalisarsu ta ƙasa, NVFC. A watan Fabrairu 2024 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta OSHA ta fito da daftarin sabuwar ƙa'ida da za ta maye gurbin tsohuwar ta 1980, ta kuma shigo da ƙa'idoji fiye da 20 na NFPA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kariya daga gobara a can, cikinta, waɗanda suka shafi horo, gwajin lafiya, motoci da kayan sawa. 'Yan sa-kai suka yi ta aika ƙorafi cewa ƙaramar runduna ta ƙauye, wadda kasafinta na shekara bai taka kara ya karya ba, ba za ta iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, kuma ƙarshenta rufewa za ta yi. Kayan sawar mutum ɗaya dubban daloli ne, ga kuma ƙa'idar NFPA ta ce a yi musu ritaya idan suka cika shekara 10 daga ranar ƙera su. An tsawaita wa'adin karɓar ra'ayi, aka yi zaman sauraron jama'a a watan Nuwamba na shekarar, hukumar kuma ta fito ta ce ba nufinta ba ne ta durƙusar da rundunonin sa-kai.

Wani zai karanta wannan ya ce ga shi nan, sun hana a tsaurara tsaro. Ni abin da na gani daban ne. Idan rundunar ƙauye ta rufe, wutar ba ta daina tashi ba. Mutanen nan dai su ne za su fito, amma yanzu babu horo, babu shugaba, babu ko tsohuwar hular. Ƙa'idar da ta fi ƙarfin masu bin ta takan mayar da mai ɗan kariya marar kariya gaba ɗaya. Kuma da an ji wannan tun ana rubuta daftarin, da ba a ɓata watanni ana ja-in-ja a kansa bayan ya fito ba.

Ita kanta NFPA, wadda aka kafa tun 1896, ta yarda cewa yanayin aiki ya bambanta, shi ya sa ta fitar da ƙa'idar tsara runduna ta ma'aikata mai lamba 1710, da ta 'yan sa-kai mai lamba 1720. A kwamitocinta kuma ba a barin ɓangare ɗaya, ko masu ƙera kaya ne ko jami'ai, ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kujeru. Wannan tsarin shi ne maganin tsoron da ake yi: 'yan sa-kai suna da murya da ƙuri'a, amma ba su da rinjayen da za su soke abin da ilimi ya tabbatar.

Akwai abubuwan da ni ma ba zan yarda a sassauta ba ko duk 'yan sa-kan ƙasar sun haɗa baki. Wanda ba shi da na'urar numfashi ba ya shiga ɗaki mai hayaƙi. Ba a watsa ruwa a kan mai mai ci, ko a kan waya kafin a yanke lantarki. Ba a taruwa kusa da tanka ko motar kaya da ta kama wuta. Fashewar gas ta Atomic Junction a Accra a Oktoba 2017 da fashewar garin Appiatse a Janairu 2022, inda motar da ke ɗauke da nakiyoyin haƙar ma'adinai ta kama wuta kafin ta tarwatsa garin, sun isa hujja. A garin West na jihar Texas, a Afrilu 2013, ma'ajiyar taki ta fashe ta kashe mutum 15, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne, yawancinsu 'yan sa-kai da suka je kashe abin da suka ɗauka gobara ce ta yau da kullum.

To amma a nan ma wakilcin ya fi amfani. Babbar ƙa'idar da ɗan sa-kai ke buƙata ita ce wadda ta ja masa iyaka: ga inda aikinka ya tsaya, ga abin da za ka yi maimakon shiga. Ka kira lambar gaggawa 192 ko 112, ka yanke wutar lantarki daga mita, ka fitar da mutane ka ƙirga su, ka janye tukwanen gas daga ɗakunan da ke maƙwabtaka, ka buɗe hanya ga mota, ka nuna wa ma'aikata inda ruwa yake. Saurayin da ke jin kukan yaro a cikin ɗaki ba zai tsaya a wannan iyaka ba don wata takarda daga Accra ta ce ya tsaya. Yana iya tsayawa idan shugaban rundunarsa, wanda yake cikin waɗanda suka ja iyakar kuma ya san dalilinta, ya riƙe masa hannu ya ba shi wani aikin.

"Siyasa za ta shiga"

Za ta yi ƙoƙarin shiga, wannan babu shakka. Duk wanda ke zaune a zango ya san yadda kujera mai kuɗin zama ke jawo mutanen da ba su taɓa ɗaukar bokiti ba, da yadda ake iya miƙa ta ga yaron wani babba a matsayin ladan yaƙin neman zaɓe. Idan haka za a yi, gara a bar kujerar babu kowa.

Maganinsa shi ne a tsaurara sharaɗin wanda zai zauna. Ya kasance sunansa na cikin rajistar runduna, ya yi horo, ya kuma halarci aikin kashe wuta da 'yan rundunarsa za su shaida. Rundunoni su zaɓe shi da kansu, ga wa'adi sananne, ba ɗan majalisar gunduma ko sarkin zango ko limami ne zai naɗa shi ba, duk da girman da muke ba su. Kujera kuma kada ta zama ɗaya tak, domin abin da ke kashe ɗan sa-kan daji daban yake da abin da ke kashe na kasuwa. A kuma tuna da mata. Masu sayar da abinci su ne ke kwana da wuta suna tashi da ita a kasuwanninmu, 'yan matan kayayo masu dakon kaya a ka kuma da yawansu a rumfunan kasuwa suke kwana.

"Hukumar ma ba ta da isassun kaya"

Gaskiya ne, shugabannin hukumar da kansu sun sha fitowa suna kokawa kan tsofaffin motoci da ƙarancin famfunan jan ruwa. Wasu kan ce a fara gyara wannan tukuna kafin a zo kan maganar kujera.

Ƙarancin kayan ne ma ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Inda mota ke isowa cikin 'yan mintuna, rawar ɗan sa-kai ƙarama ce. Inda tashar kashe gobara ke da nisa kuma hanya a cushe take, rabin aikin a hannunsa yake. A Jamus fiye da kashi 90 cikin 100 na masu kashe gobara 'yan sa-kai ne, a Chile kuma rundunonin garuruwa duk na sa-kai ne tun daga ta farko da aka kafa a Valparaíso a 1851. Ƙasashen nan ba su ɗauki ɗan sa-kai a matsayin cikon benci ba. Kujera a kwamiti kuma ba ta kai kuɗin tayar mota ɗaya ba.

Dole in faɗa wa namu gaskiya a nan. Jifan motar 'yan kwana-kwana don ta makara, da zagin ma'aikata cewa sun zo babu ruwa, da masu fakewa da taimako suna kwasar kayan mutane, duk suna rage mana ƙima, suna ba masu son rufe ƙofa hujja. Tankin mota 'yan dubban lita ne kawai, mesa kuma tana fitar da ɗaruruwan lita a minti ɗaya, don haka ruwan kan ƙare cikin ɗan lokaci idan babu famfon da za a ja wani. Ɗan sa-kan da ya zauna a teburi ɗaya da ma'aikata zai san wannan, kuma shi ne zai iya tsayawa gaban fusatattun samari ya yi musu bayani da harshen da suke ji.

Raunin da ba a rubuta ba

Ƙa'idojin tsaro daga rajistar rauni da mutuwa ake gina su. Ana duba abin da ya sami mutane, a gano inda ake yawan faɗuwa, a rubuta abin da zai hana. Ma'aikaci idan ya ji rauni akwai takardar da za a cike. Saurayin unguwa da kwano ya yanke shi ko ya shaƙi hayaƙin katifa da robobi, kantin magani yake zuwa a ɗaure masa, ko a shafa masa maganin gida, ya kwana biyu yana tari, shi ke nan. A 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin rukunin farko, wato na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Idan haka ne ga mai na'urar numfashi, ina ga wanda ya ɗaure hancinsa da jiƙaƙƙen ƙyalle?

Wakilin 'yan sa-kai shi ne zai kawo waɗannan labarai teburin, ya nemi a buɗe musu rajista, ya tambayi wa zai biya asibiti idan ɗan runduna ya ƙone, ya nemi a tabbatar kowane ɗan runduna yana da katin inshorar lafiya mai aiki kafin hunturu ya shiga. Waɗannan ma ƙa'idojin tsaro ne, ko da ba su shafi hula da takalmi ba.

Saura yadda za a yi zaman. Idan aka ba da kujera amma aka sa taro ranar aiki da safe a Accra, aka aiko da daftari mai kauri da Turancin lauyoyi kwana kaɗan kafin ranar, to da hannun dama aka bayar aka karɓe da na hagu. Manomi ba zai bar gona a tsakiyar girbi ba, makaniki kuma idan ya rufe gareji ranar babu cefane. A biya kuɗin mota da na yinin da aka rasa. A taƙaita daftarin cikin Hausa, Twi da Dagbani, a karanta shi a gidajen rediyon unguwa, a ba rundunoni lokaci su tattauna kafin wakilinsu ya tafi. Wasu zaman kuma a yi su a Techiman ko Tamale ko nan Kumasi. Dokar 1990 ta riga ta tanadi ƙananan kwamitocin wutar daji a majalisun gundumomi, don haka ba sai an jira sabuwar doka daga majalisar ƙasa ba. Kowace gunduma tana iya farawa da nata kwamitin kafin ciyawa ta bushe a bana.